Jinin da Ake Nema Bayan Wuta Ta Mutu

Daren Talata 15 ga Oktoba 2024, wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi, wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta ƙwace wa direbanta a garin Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, ta kife a gefen titi. Mai ya shiga kwarara cikin lambatu. A lokacin litar fetur ta haura naira dubu, alhali kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 farashin gwamnati bai kai naira 200 ba. Kafin ka ce kwabo labari ya zaga gari, mutane suka fito da jarkoki da bokitai. 'Yan sanda sun ce sun yi ƙoƙarin korar jama'a, amma taron ya fi ƙarfinsu. Ana cikin ɗiba wuta ta tashi.

Da gari ya waye aka ce mutum 94 sun rasu. Kafin yamma lissafi ya wuce 140, aka haƙa babban kabari aka binne su tare, domin da yawa ba a iya gane su ba. Waɗanda suka fita da rai aka kwashe su zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja, da gadaje suka ƙare aka wuce da wasu Dutse da Birnin Kudu da Kano. Bayan kamar mako guda Gwamna Umar Namadi ya ce mamata sun kai 181. Da kwamitin binciken da ya kafa, ƙarƙashin tsohon mataimakin sufeto janar na 'yan sanda Hafiz Inuwa, ya miƙa rahoto, adadin ya zama 209.

Wutar ta mutu tun daren farko, amma mutane suka ci gaba da cikawa ɗaya bayan ɗaya a gadon asibiti har tsawon makonni. Haka babbar ƙuna take. Wani hayaƙin da ya shaƙa ne ke lalata masa huhu, wani ƙoda ce ke tsayawa, wani ƙwayoyin cuta ke shiga ta mikin da babu fatar da za ta tare shi. A ƙarƙashin duk waɗannan kuma akwai ƙarancin jini, wanda ba ya bayyana sai 'yan jaje sun fara janye jiki.

A rana ta farko ba jini mai ƙuna yake bukata ba, ruwa ne. Jijiyoyinsa na tsiyayar da ruwa cikin nama, jiki ya kumbura, jinin da ya rage ya yi kauri. Idan aka auna shi a ranar ma sai a ga kamar ya fi na mai lafiya yawa. Lissafin da likitoci ke bi ya fito ne daga asibitin Parkland na birnin Dallas a Amurka, inda Dakta Charles Baxter ya tsara shi wajen 1968. Namiji mai nauyin kilo 60 da ya ƙone kashi 40 cikin ɗari na jikinsa zai sha ƙarin ruwa kusan lita goma cikin awa 24, wato leda goma sha tara, kuma rabinsu dole su shiga cikin awa takwas na farko. Mutum ɗaya ke nan. A Majiya motoci ne suka yi ta sauke su a ƙofar asibiti cikin tsakar dare.

Bayan kwana uku zuwa mako, kumburi ya fara saɓewa, sai gaskiyar jinin ta fito. Zafin wuta ya riga ya fasa wasu ƙwayoyin jini, waɗanda suka ji rauni kuma ba sa daɗewa. Ɓargo, wanda aikinsa ne ya mayar da gurbin abin da aka rasa, ya yi sanyi saboda ciwon da jiki ke fama da shi. Kullum a ɗibi jini don gwaji. Duk ranar wankin ciwo, in aka ɗaye bandeji, sai ya taho da jini. Mai jinya ya duba tafin hannun ɗan'uwansa da cikin idonsa ya ga sun yi fari fat.

Sannan ga tiyata, wadda ta fi komai cin jini. A da ana barin matacciyar fata ta ruɓe ta faɗi da kanta, marasa lafiya da yawa kuma suna mutuwa kafin nan. Wata likita mai suna Zora Janžekovič, da ke aiki a garin Maribor na tsohuwar Yugoslabiya, ta nuna wa duniya a 1970 cewa gara a feƙe mataccen naman da wuri, siriri-siriri, har a isa ga mai rai, sannan a yanko fata daga cinya ko baya a dasa. Ba a gane an isa nama mai rai sai ya fara tsattsafo da jini. Ke nan aikin da zai ceci ran majinyaci shi ne ke zubar masa da jini ta wuri biyu, inda aka feƙe da inda aka ɗebo fata. Babu likitan da zai shiga ɗakin tiyata da irin wannan majinyaci sai ya ga ledojin jini a ƙasa.

Nawa ake bukata? Wani bincike da Dakta Tina Palmieri ta jagoranta, wanda ya fito a 2006, ya bi majinyata 666 masu ƙunar da ta kai kashi 20 cikin ɗari ko fiye. Da aka raba, kowanne ya tashi da kusan leda 14. Leda ɗaya mutum ɗaya ne ya miƙa hannu, kuma namiji ba zai sake bayarwa ba sai bayan wata uku, mace bayan wata huɗu.

A nan ne hankalina ke komawa gida Kebbi. Tankoki na bin hanyar Jega zuwa Birnin Kebbi, su ratsa Argungu zuwa Sakkwato dare da rana. Ko ba tanka ma, wuta ba baƙuwarmu ba ce. Manomin shinkafar rani a fadamar Rima yana ajiye jarkar man injin ban ruwa a ɗakin da iyalinsa ke kwana. Mata na turara shinkafa a manyan tukwane, yara na rarrafe kusa da murhu. Masunta na bandar kifi. In hunturu ya kama a shiga da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa. Wanda ya ƙone sosai a Argungu, in abin ya fi ƙarfin asibitin garin, sai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko asibitin tarayya a Birnin Kebbi, ko kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Yadda ake samun jini a yawancin asibitocin Nijeriya kuwa kowa ya sani. Ma'aikacin jinya ya fito ya ce, "Baba, sai an nemo mutum uku." Uba ya shiga kiran waya. Mutum biyar su zo, a ce ɗaya jininsa bai isa ba, ɗaya an ga ciwon hanta, ɗaya kuma bai zo daidai da na majinyaci ba. Ƙarshe a koma kan masu sayar da jini da ke zaune a bakin ƙofa. Wannan tsari yana ɗan taɓukawa ga mai naƙuda da ke bukatar leda biyu a rana ɗaya. Ba zai ɗauki mai ƙuna ba, wanda za a dawo nema masa jini mako bayan mako har dangi su ƙare. Balle gari irin Majiya, inda samarin da za a kira su ba da jinin su ne a kwance ko a cikin ƙasa.

Ba kuma kowane ƙarin jini ne alheri ba. Binciken 2006 ɗin ya nuna duk ledar da aka ƙara tana ƙara haɗarin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Shi ya sa Palmieri da abokan aikinta suka sake gwaji a cibiyoyi 18 da majinyata 345, aka buga sakamakon a 2017. Wasu an ƙara musu jini da zarar ma'auninsa ya sauka ƙasa da 10, wasu aka jira sai ya sauka ƙasa da 7. Waɗanda aka jira ba su fi mutuwa ko kamuwa da cuta ba, jinin da aka kashe musu kuma ya ragu ƙwarai. Ga asibitin da firijinsa ba ya tara leda ashirin, wannan ilimi ne mai tsada.

Sai dai tsimi ba ya cika firiji. Jini na lalacewa bayan kwana 35 ko a cikin sanyi, don haka tururuwar bayarwa ta ranar masifa ba ta kai mai ƙuna wata na biyu. Abin da nake son gani a Birnin Kebbi da Argungu shi ne rajistar masu bayarwa don Allah, a masallatan Juma'a da ƙungiyoyin manoma da na direbobi, kowa da rukunin jininsa da lambar wayarsa, a riƙa kiransu bi da bi.

Ranar 18 ga Janairu 2025, wata uku da kwana uku bayan Majiya, wata tankar ta faɗi a mahaɗar Dikko kusa da Suleja a jihar Neja. Mutane suka taru ɗibar mai, wuta ta kama, sama da mutum 80 suka rasu, aka kwashi gommai zuwa asibiti.