Aikin da Ba Ya Ƙarewa a Zama Ɗaya

Idan ka tura kuɗi ta waya, rumbun bayanan banki yakan kulle asusunka da na mai karɓa, ya cire a nan ya zuba a can, sannan ya saki. Ko dai duka biyun su tabbata, ko a koma kamar ba a taɓa komai ba. Kafin ƙiftawar ido an gama, shi ya sa kullewar ba ta damun kowa.

To, injiniyan da ke zana yadda za a shimfiɗa bututun ruwa a sabuwar unguwa fa? Aikinsa na makonni ne. A kulle taswirar sai ya gama, abokan aikinsa sun shiga zaman kashe wando ke nan. In kuma na'ura ta tsaya ana tsaka da aiki aka ce a koma farko, wahalar wata guda ta bi ruwa.

A 1987 Hector Garcia-Molina da Kenneth Salem na Jami'ar Princeton suka fito da dabarar Saga: a yanyanka dogon aiki gunduwa-gunduwa, a adana kowace da zarar ta kammala, a kuma tanadi matakin warware ta idan gaba ta ƙi. Masu zane kuwa wata hanyar suka fi bi. A manhajar taswira ta ArcGIS, kowa yakan buɗe reshensa daga uwar taswira, ya yi ta gyare-gyare ba mai ganinsa, in ya gama a gwada nasa da na uwar, a sasanta saɓani, sannan a shigar. A Revit ta masu zanen gini, bangon da ka taɓa ya zama aro a hannunka, ba mai iya motsa shi sai ka mayar.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Kwamfuta tana gane cewa mutum biyu sun taɓa abu ɗaya. Amma in wannan ya matsar da ginshiƙi, wancan ya ja bututu ta daidai inda ginshiƙin ya koma, abu daban-daban suka taɓa, don haka rumbun bayanan zanen zai karɓi duka biyun bai ce uffan ba. Akwai manhajoji irin su Navisworks da ke zaƙulo irin wannan karo, amma ba za su ce wa zai kauce ba. A ganina, ofishin da ya san abin da yake yi ba ya barin reshe ya daɗe ba a haɗa shi da uwar ba, kuma tun ranar farko yake ayyana wanda zai raba gardama tsakanin mai ginshiƙi da mai bututu.