Ciwon ciki da ya ƙi ƙarewa: a je a yi awo

Dukanmu mun san wani mai fama da ciki wata da watanni. Yau kumburi, gobe zawo, jibi zafi a ƙahon zuciya. Ya sha saiwa, ya sha kanwa, ya sayi ƙwayoyi wurin mai talla ranar kasuwa. Ciwo ya lafa kwana biyu, ya komo. Ga damina ta kama, shi ko ba shi da ƙarfin riƙe hauya.

Cututtukan ciki suna da yawa, kuma alamunsu suna kama da juna. Tsutsar ciki, atuni, gyambon ciki da ciwon hanta, kowane da maganinsa. Likita kansa ba ya rarrabe su da ido kaɗai. Shi ya sa yake rubuta takarda, ya ce a je a yi awo.

Awon farko shi ne na bayan gida. Mutane da yawa suna jin kunyarsa, har wasu su koma gida da takardar a aljihu. Mu dai muna ganin wannan kunya ta fi awon tsada. Ana ba mutum ɗan kwalba mai marfi, ya sa kaɗan a ciki. Kada ya haɗu da fitsari ko ƙasa. A kai shi da sauri, kafin awa ɗaya in da hali, domin ƙwayar atuni ba ta daɗewa da rai a waje. Mai awo yana duba shi da madubin likita, ya nemi ƙwan tsutsa da ƙananan ƙwayoyin cuta. Wani lokaci ba a ga kome ba ran farko, sai a ce mutum ya sake kawowa sau 2 ko 3 a ranaku daban-daban. Ba wasa ake yi da shi ba: tsutsa ba ta zubar da ƙwai kullum.

Awon jini yana nuna ko jini ya ragu, ko kuwa hanta ta kamu. Hoton ciki, wanda ake kira ekogarafi, ba ya da zafi. Ana shafa mai bisa ciki, a ga hanta da matsarmama a allo. Galibi ana son a zo ba a ci abinci ba.

Wanda mutane suka fi tsoro shi ne awon tiyo. Ana yin sa a manyan gidajen likita na birane, kamar Yamai da Damagaram. Tiyon siriri ne, bai fi kaurin ɗan yatsa ba, da fitila a bakinsa. Ana sa shi ta baki har tumbi, likita ya ga gyambo da idonsa in akwai shi. Mutum yana lumfashi yadda ya saba, domin hanyar abinci daban take da hanyar iska. Akwai yunƙurin amai, wannan gaskiya ne, amma aikin ƴan mintoci ne. Sharaɗinsa shi ne a bar ci awa 6 zuwa 8 kafin a zo. Ko fura ba a sha.

A da, ana cewa yaji da yawan tunani ne ke kawo gyambon ciki. A shekarar 1982, likitoci biyu na ƙasar Ostiraliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta mai zama cikin tumbi, ita ce ke haddasa mafi yawansa. Ana gane ta a bayan gida, ko a ɗan ɓarɓashin da ake tsamowa lokacin awon tiyo. Maganinta na kwana 10 zuwa 14 ne, kuma dole a shanye shi duka. Amma wanda ya riga ya sha kafso ko maganin gyambo kafin awo, ƙwayar tana iya ɓuya, a ce ba ta nan. Saboda haka a gaya wa likita duk abin da aka sha, na bature da na gargajiya. Har da ƙwayoyin ciwon jiki da muke haɗiya bayan aikin gona, irin su asfirin da ibuprofen, domin su ma suna cin tumbi.

Akwai alamun da ba a jiran kaka a sayar da wake kafin a tafi: amai da jini, bayan gida baƙi kamar kwalta, rama ba dalili, abinci yana maƙalewa a ƙirji, ko idanu su zama ruwan ɗorawa. Mai ɗaya daga cikinsu ya tafi likita ran nan.

In an yi awo duka ba a sami kome ba, kuɗin bai faɗi banza ba. An san ke nan manyan cututtukan da aka nema ba su ne ba, sai likita ya duba wajen abinci da ruwan sha. A adana takardun awo cikin leda, a zo da su duk ranar da aka koma.