Kulocin PTO: Ƙaramar matsalar da ke tsayar da taraktocin fadamun Sakkwato

Da zarar damina ta ɗauke a watan Oktoba, hankalin manoman Sakkwato kan koma fadama. Daga Kwalkwalawa da ke bakin birni zuwa Wamakko da Kware da Wurno da Goronyo, ana shiga gyaran ƙasa domin shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama. Ruwan Kogin Rima da madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, su ne jigon wannan noma na rani.

A daidai wannan lokaci ne masu tarakta da direbobinsu kan ci karo da wata matsala: inji ya tashi lafiya, tayoyi na tafiya, amma sandar da ke juyawa a bayan motar ta ƙi tsayawa ko an taka kuloci har ƙasa, ko kuma giyarta ta riƙa ƙara ta ƙi shiga. Kanikawa kan ce kulocin PTO ya manne.

Mene ne aikin PTO?

PTO wata gajeriyar sandar ƙarfe ce mai haƙora a bayan tarakta, wadda ke ɗaukar ƙarfin inji ta miƙa wa na'urar da aka jona. Da ita ake juya injin barje ƙasa, da na sussuka, da na feshi, har da famfon ban ruwa. Kamfanin International Harvester na Amurka ne ya yaɗa ta tun 1918. Wadda aka fi gani a nan tana da haƙora 6, tana kuma juyawa sau 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a kowace daƙiƙa.

A taraktoci irin su Massey Ferguson 375, waɗanda suka yi yawa a Arewa, kuloci hawa biyu ne. Idan direba ya taka rabi, tayoyi ne ke rabuwa da inji. Sai ya taka har ƙasa sannan PTO ta rabu. Kowane hawa da faifansa, don haka ɗaya na iya aiki ɗayan kuwa ya manne.

Me ke jawo mannewar?

Babban dalili shi ne tsatsa. Tarakta kan yi aikin huɗa a watan Yuni da Yuli, sai a ajiye ta a fili ruwa na dukanta har Satumba. Danshi ya shiga gidan kuloci, faifan ya liƙe da ƙarfen da ke matse shi. Wadda ta yi aiki cikin taɓon fadama aka wanke ta da ruwa aka ajiye ba tare da an tayar da ita ta bushe ba, ita ma hakan kan same ta.

Na biyu shi ne yoyon mai. Idan robar da ke tare baƙin mai a bayan inji ko ta gaban giya ta lalace, mai kan jiƙa faifan, ƙurar hunturu ta haɗu da shi ya zama kamar danƙo.

Na uku kuwa saiti ne. Idan wasan feda ya yi yawa, ko kusoshin saitin hawa na biyu sun ci, direba zai taka har ƙasa amma takun bai kai inda zai saki faifan PTO ba. A nan babu abin da ya lalace, gyaran ɗan lokaci ne.

Sabbin taraktoci da ake kunna PTO ɗinsu da hannu ko maɓalli, nasu kulocin cikin man giya yake aiki. A irinsu, gurɓataccen mai ko faifan da zafi ya lanƙwasa ne kan sa sandar ta ƙi tsayawa. Ƙananan motocin yankan ciyawa kuma nasu da lantarkin batir mai bolt 12 yake aiki, don haka fis da waya da tazarar faifai ake fara dubawa.

Matakan gyara

Ƙa'ida ita ce a fara da mai sauƙi. A kashe inji, a zare makulli, a ja birki, a cire na'urar da ke jone. Sannan a auna wasan feda a daidaita shi yadda littafin kamfani ya nuna.

Idan bai saki ba, akwai ƙaramin murfi a ƙarƙashin gidan kuloci. Ta nan bakanike ke ganin ko akwai mai ko tsatsa, ta nan kuma yake saita kusoshi uku na hawa na biyu. Dole tazararsu ta zo daidai da juna, in ba haka ba faifan zai saki ta gefe ɗaya kawai.

Idan tsatsa ce, akan bar inji ya yi zafi sosai, a kashe, a jona na'ura mai nauyi kamar injin barje ƙasa, a sa giyar PTO, a taka feda har ƙasa sannan a tayar. Nauyin na'urar kan fizge faifan ya saki. Ana yin wannan ne a fili, direba na zaune a kujera, babu kowa a baya.

Abin da bai kamata ba shi ne danna giyar PTO da ƙarfi tana ƙara, domin haƙora ne ke karyewa. Haka nan zuba mai ko kananzir a kan busasshen faifai: zai iya saki yau, gobe ya riƙa sulɓi.

Idan duk wannan bai yi ba, sai raba tarakta gida biyu, a janye inji daga giya. Tunda an buɗe, hikima ita ce a canza faifai da boris da robar mai gaba ɗaya, don kada a biya kuɗin aiki sau biyu.

Haɗarin da ya fi asarar kuɗi

Sandar da ta ƙi tsayawa ba ta jiran kowa. Cikin daƙiƙa guda takan naɗe fiye da taku ɗaya na tufa, kuma a ƙasar da ake sa doguwar riga da rawani da mayafi, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Yara masu taya aikin sussuka su ne suka fi kusantar ta. Kada a tsallaka sanda tana juyawa, kada a cire rigar robar da ke rufe ta, kada kuma a sa hannu cire ciyawa sai inji ya mutu.

Ta fuskar noma ma, jinkiri na da tsada. Alkama na son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba domin ta ci sanyin hunturu kafin zafin Maris da Afrilu, lokacin da Sakkwato kan haura digiri 40. Tarakta ɗaya kuma ƙananan manoma da dama ne ke layin hayarta, don haka mako guda a gareji kan shafi gonaki masu yawa.

Rigakafin bai da wuya. A ajiye tarakta a ƙarƙashin rumfa, a tayar da ita duk mako biyu a taka kuloci a juya PTO na ɗan lokaci. Idan ajiyar za ta daɗe, a danne feda da katako ko maƙalar da wasu taraktoci ke zuwa da ita. A tabbatar ƙaramin ramin da ke ƙasan gidan kuloci bai toshe da laka ba. Mafi muhimmanci, a gwada PTO tun a Satumba, kafin manoma su fara layi a ƙofar gida.