Ko ka sani? Akwai sunayen da injin imel ya kama wa kansa

A manyan kwamfutocin da ke ajiye saƙonnin imel, ba kowane suna ne za ka iya raɗa wa folda ba. Wasu sunayen injin ya riga ka.

A tsarin Maildir, wanda Daniel J. Bernstein ya ƙirƙira a tsakiyar shekarun 1990 don manhajarsa ta qmail, kowane saƙo fayil ne mai zaman kansa, kowane akwati kuma yana da ɗakuna uku: tmp, new da cur. Idan saƙo ya iso, a tmp ake fara rubuta shi. Sai ya kammala tsaf a tura shi new, in manhajar karatu ta gan shi ta mayar da shi cur. Ko da wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, guntun saƙo ba zai cuɗanya da cikakku ba.

To, a ce mai akwatin ya buɗe tasa foldar ya sa mata suna new. Suna ɗaya, wuri ɗaya, ta yaya injin zai gane ɗakinsa daga na mutum? Sam Varshavchik, mai manhajar Courier, ya magance wannan a Maildir++ da ɗigo ɗaya tak. Duk foldar da mutum ya buɗe sai sunanta ya fara da ɗigo a kan faifai, kamar .Sent ko .new, don haka ba ta taka sawun na injin. Amma maganin bai zo kyauta ba. Ɗigon ne kuma ke raba babbar folda da ƙaramar da ke cikinta, shi ya sa in ka rubuta Haraji.2024, sai ka tarar da 2024 a cikin Haraji.

Ƙa'idar IMAP, hanyar da manhajar karatu ke bi ta duba saƙonnin da ke kan injin, wadda Mark Crispin ya fara a 1986, suna ɗaya ta keɓe: INBOX, da manyan baƙaƙe ko ƙanana duk ɗaya ne. Sauran ta bar wa kowa ra'ayinsa, kuma a ganina nan aka yi sake. Waya ta buɗe Sent, kwamfuta ta buɗe Sent Items, saƙonnin da mutum ya aika su warwatsu gida biyu. Sai a 2011 takardar RFC 6154 ta kawo alamar da ake liƙa wa folda don a san aikinta, ko da sunanta Shara ne ko Aikakku.