Tsohuwar mota da sabon baƙin mai

Jama'a, duk mai lambu a Cirozerin ya san amfanin tsohuwar mota. Ita ke ɗaukar albasa da tumatir zuwa kasuwar Agadas da ta Arlit. Ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Yawancin motocin nan, Land Cruiser ne ko Hilux ko Peugeot 504, sun haura shekara 20 suna aiki. Yanzu ga wani irin baƙin mai ya yawaita a shaguna, wanda aka rubuta wa "synthétique" a jikin galan. Wasu direbobi na cewa yana mai da tsohon inji sabo. Wasu kuma na cewa yana kashe shi. Duka maganganun biyu akwai gyara a cikinsu.

Bari mu fara da aikin mai. A cikin inji ƙarafa ne ke gogar juna da gudu. Mai shi ke shiga tsakaninsu don kada su cinye juna. Yana rage zafi, yana kuma kwashe datti ya kai wa matatar mai.

Man da muka saba da shi, mai suna "minéral", daga ɗanyen man fetur ake tace shi, irin wanda ake haƙowa a Agadem. Shi kuwa santetik, sarrafa shi ake yi a masana'anta har ƙwayoyinsa su daidaita, kamar gero da aka tankaɗe aka fid da tsakuwa. Ba yau aka fara shi ba. Jamusawa sun yi aiki da shi a jiragen sama lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma a shekarar 1974 aka fito da Mobil 1 domin ƙananan motoci.

Fifikonsa a wurin jure zafi yake. A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu yakan wuce digiri 40, man da ke cikin inji kuwa yakan kai 100 ko fiye, balle an yi lodi ana tafiya cikin rairayi. Zafi irin wannan yana saurin lalata man mineral, ya bar baƙin dasashi a cikin inji. Santetik ya fi daɗewa bai lalace ba. Haka nan da sanyin asubar watan Janairu, ya fi saurin zagaya inji idan an tada shi.

To, daga ina tsoron ya fito? Man santetik na farko-farko yakan taɓa robobin da ke toshe mahaɗar inji, sai mai ya riƙa ɗiga. An daɗe da gyara wannan. Amma akwai abin da ya rage. A tsohon inji, wata robar ta riga ta bushe ta tsage, datti ne kawai ya liƙe tsagar. Idan sabon mai ya wanke dattin, sai yoyo ya bayyana. Mai mota ya ce man ne ya ɓata masa inji, alhali ɓarnar tana nan tun da, ɓoye take.

Saboda haka, kafin ka sauya, ka binciki motarka. Ka ajiye ta a wuri mai tsabta ta kwana, da safe ka leƙa ƙarƙashinta. Ka dubi hayaƙin da take fitarwa. Idan shuɗi-shuɗi ne, injin yana shan mai ke nan. Motar da ke yoyo ko ke shan mai, makaniki take bukata. Zuba mata mai tsada kamar ɗura ruwa ne a fasasshen tulu, ga shi farashin santetik yakan ninka na mineral. A ganina, mai irin wannan mota ya tsaya ga man da ya saba, ya tara kuɗin gyara.

Idan injin lafiya lau yake, ana iya sauyawa. Ba sai an wanke cikinsa da gazuwal ba, kamar yadda wasu ke yi. Wannan ɗabi'a tana iya ɓamɓaro datti ya toshe hanyar mai. A juye tsohon man tun inji yana da ɗumi, a sa sabuwar matata, a zuba sabo. Ɗan abin da ya saura na tsohon ba ya cutarwa, domin iri biyun suna gauraya. Ko a kan hanya man ya ragu, mineral kaɗai ka samu, ka ƙara. Inji da gaurayen mai ya fi inji babu mai nesa ba kusa ba.

A nan ne karatu zai yi maka rana. A jikin galan akwai lamba kamar 5W-30, ko 15W-40, ko 20W-50. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi. Ta biyu tana nuna kaurinsa idan inji ya yi zafi. Yawancin santetik da ake kawowa na sababbin motoci ne, ruwa-ruwa ne. Tsohon inji ƙarafansa sun ɗan saki, ya fi son mai kauri, mai lamba 40 ko 50 a ƙarshe. Idan littafin motar yana nan, a bi abin da ya ce. Sai kuma haruffan da ke bayan kalmar API. Harafin S na injin isansi ne, harafin C na injin gazuwal. Ka duba murfin galan, kada ka karɓi wanda aka taɓa buɗewa, domin jabun mai ya yi yawa a kasuwa.

Mai shago zai ce maka santetik yana kai kilomita 10.000 ko 15.000 ba a juye ba. Gaskiya ne a ƙasashen da ke da kwalta mai kyau. Mu kuwa hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka gama wajen 1980, ta farfashe a wurare da dama, hanyoyin lambuna kuma ƙura ce zalla. Babu man da ke narkar da ƙura. Tsohon injin gazuwal kuma yana zuba toka mai yawa cikin mai. Don haka kada a wuce kilomita 5.000. Tsakanin Agadas da Arlit kusan kilomita 240 ne, wato zuwa da dawowa sau 10 ya isa juye. Bayan sauyin farko ma a gaggauta, domin man zai kwaso tsohon datti. A riƙa duba sandar awon mai kowace safiya, a kuma kakkaɓe matatar iska.

Tsohon man da aka juye guba ne. Kada a zubar da shi a gulbi ko kusa da rijiya, domin ruwanmu na sha da na ban-ruwa daga ƙarƙashin wannan rairayin yake fitowa. Kada a shafa wa raƙumi ko akuya don maganin ƙaswa, a nemi malamin dabbobi. A zuba shi a galan mai murfi, a ajiye inda yara ba za su kai ba, sannan a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.