Hisabin La'ada da Ihsani ga Yaran Kanti

Duk wanda ya zauna a kantunan taki na Zuru gab da faɗuwar damina, sa'ad da manoman Dabai da Ribah da Mahuta suke tururuwa, ya san cewa galibin saɓanin da ke aukuwa tsakanin maigida da yaronsa a ƙarshen wata ba daga ha'inci yake tasowa ba, daga rashin fayyace sharaɗi ne tun ranar da aka ƙulla yarjejeniya. Saboda haka ne malaman fiƙihu suka sharɗanta, a babin ijara da ji'ala, ladan ya zama sananne, domin jahiltarsa garari ne.

Mu ƙaddara wani attajiri ya yanka wa yaronsa albashin naira 30,000 a wata, da la'adar biyar cikin ɗari a kan dukan abin da ya sayar, sa'an nan ya yi masa alkawarin ihsanin uku cikin ɗari idan ciniki ya haura naira 400,000. Allah kuwa ya yi wa watan albarka, yaro ya sayar da takin naira 600,000. Albashi ba ya motsi, la'ada kuma naira biyar ce a kowace ɗari, watau 30,000. Wannan kam ya sauƙaƙa tun 1973 da naira da kwabo suka gaji fam da sule.

A wajen ihsani ake tuntuɓe, gama shi yaro ya ɗauka a kan cinikin duka za a lissafa, ya sa rai da 18,000, alhali maigida abin da ya ɗoru bisa haddin nan na 400,000 yake nufi, watau 200,000, wadda ihsaninta 6,000 ne kacal. Bisa fahimtar maigida haƙƙin yaro 66,000, bisa ta yaron 78,000; kuma a ganina laifin ya fi karkata ga maigida, tun da shi ya furta lafazi mai harshen damo, shi ne kuma mai riƙe da littafi.

Akwai kuma mas'alar da ake bi ta baya, irin wadda Alhawarizmi ya shimfiɗa ƙa'idojinta a littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820: nawa yaro zai sayar in yana bukatar 70,000, bisa sharaɗin maigida? In ciniki ya kai haddi, albashi da la'ada sun ba shi 50,000, saura 20,000. Daga nan kowace ɗari naira takwas take kawo masa, biyar da uku, sai a raba 20,000 gida takwas a riɓa da ɗari, a sami 250,000, a ɗora bisa haddin. Ke nan sai ya sayar da takin naira 650,000 a watan.