Ko Kun Sani? Jamhuriya ta Biyu ta Faɗi a Ranar Ƙarshe ta Shekara

A ranar Asabar, 31 ga Disamba 1983, sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN, wata uku kacal bayan an rantsar da shi a wa'adi na biyu, lamarin da ya kawo ƙarshen Jamhuriya ta Biyu, wato mulkin farar hula mai tsarin shugaba mai cikakken iko da Nijeriya ta fara a 1979. Birgediya Sani Abacha ne ya sanar da juyin mulkin ta rediyo, inda ya kafa hujja da cin hanci da taɓarɓarewar tattalin arziki, ko da yake faɗuwar farashin man fetur a kasuwar duniya tana da babban kaso a wannan matsi, kuma ba laifin gwamnati kaɗai ba ne. Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa, amma bai cika shekara biyu ba Manjo Janar Ibrahim Babangida ya kawar da shi a watan Agusta 1985. Farar hula ba su sake karɓar mulki ta hanyar zaɓe ba sai a 1999.